Tamburan nan masu motsi na farkon kaset, wa yake haɗa su, kuma ina suka shiga?

Abban_Walid:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah wata tambaya ce take ta cina tun satin da ya wuce, nace bari dai in kawo ta nan ko Allah zai sa a dace da wanda ya san kan abin.

Mun je gidanmu na Fagge ne za a gyara ɗakin marigayi Baba saboda damina ta ɓata silin, muna cikin fito da kaya sai ga wani kwalin taliya a ƙarƙashin gado an ɗaure shi da igiya, ina kwancewa naga kaset-kaset ɗin bidiyo ne sun kai talatin da wani abu, na Hausa da na Indiya da 'yan Cainis, wasu da kwalinsu wasu kuma haka nan tsirara an rubuta sunan fim da biro a farar takardar nan ta gefe, rubutun yayana ne ma ina gani na gane shi. To wallahi ina riƙe da ɗaya a hannu abinda ya fara faɗo min a rai ba jarumin bane ba kuma waƙar fim ɗin bace, tambarin farko ne, wannan da yake fitowa bayan an gama tallace-tallace kafin a ga fuskar kowa. Allo zai yi baƙi ƙirin, sai taurari su fito, sai ƙwallon duniya shuɗiya ta taho daga can nesa tana juyawa tana ƙara girma, sai haruffa ruwan zinare su zagayo ta ɗaya bayan ɗaya su jeru a gaba, wani haske ya bi ta kansu ya wuce walll, ga wata ƙara kamar ta jirgi sannan busa kamar ta kakaki, sai wata murya mai amsa-kuwwa ta faɗi sunan kamfani tace ke gabatar muku da. Duka abin bai fi sakan goma sha biyar ba amma har yau in na rufe ido ina jin ƙarar nan a kunnena, sunan kamfanin ne kawai ya kwanta min.

Da na koma gida da daddare na hau YouTube na nemo fim ɗin, yana nan kuwa, amma an yanke farkon gaba ɗaya, kawai sai gani nayi an fara da tsakar gida ana shara, ga tambarin mai tashar an manna a kusurwa yana ta lilo tun daga farko har ƙarshe. Na duba wasu tsofaffin guda shida ko bakwai duk haka, ɗaya ne kawai na samu da ragowar tambari shima rabinsa ya tafi. Abin ya tsaya min a rai sosai.

Tambayoyina su ne, su waye suke haɗa waɗannan abubuwan a lokacin, a Kano ake yinsu ko waje ake kaiwa? Kuma na mai shirya fim ne ko na 'yan kasuwar da suke sayar da kaset? Sannan akwai wanda yake adana su kuwa? Ni dai yanzu ga kaset a hannu amma ba ni da na'urar da zan saka, ta gidanmu tun tuni aka ba 'yan gwangwan.

Maman_Hibba:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Kai Abban Walid ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi, ni wannan abin ai agogonmu ne a gida.

Mu mata kasan ba ma zuwa silima, ko sunan Plaza ko El Dorado ka ambata a gidanmu sai an harare ka, to kaset ɗin nan shine silimarmu, a ɗakin Umma ake sakawa bayan isha in da wuta, matan maƙota su shigo da tabarminsu da goyo. Ni ce ƙarama a 'yan mata to ni ake bari gadin talabijin su kuma suna can suna ƙarasa wanke-wanke, in ana talla ba wanda zai motsa, amma da zarar na ji kiɗan tambari sai in kwasa da gudu in leƙa tsakar gida ince an fara an fara, kafin sunan fim ya gama fitowa ɗaki ya cika har bakin ƙofa. Yaya Balaraba ma da kumfar omo a hannu take shigowa tana gogewa a zani.

Na Indiya kuma wani abu ne daban, da farko takardar hukumarsu zata fito, wata tsohuwar takarda mai sa hannu da rubutu cunkus tana ɗan rawa a allo, yayyenmu maza suna matsawa kusa su karanta adadin ril ɗin da aka rubuta a jiki wai su san tsawon fim ɗin, in sun ga da yawa sai murna. Bayan ita sai tambarin kamfani, kuma da yawansu da gunki suke buɗewa, ga furanni ga hayaƙin turare ga ƙararrawa, nan take Umma zata ce a'uzubillahi ku wuce da wurin nan, a danna ya gudu, in rimot ya ƙi sai tace kowa ya sunkuyar da kai. Saboda haka akwai tamburan da na sansu da kunne sarai amma ban taɓa kallonsu sosai da ido ba. Wanda nake iya tunawa da kyau shine na T-Series da ake sa hoton mai kamfanin Gulshan Kumar bayan an kashe shi a 1997, da na Eros, da Shemaroo lokacin da faifai ya shigo.

Zakin MGM kuwa ƙanina Allah ya jiƙansa in ya yi gurnanin nan sai ya shige bayan Umma ya ƙanƙame ta, yana kuka amma yana leƙowa ta gefen mayafi don kar ya wuce bai gani ba. Don Allah in ka samu ka juye su ka sako mana nan, ko sautin ne kaɗai ina so 'ya'yana su ji.

Tsohon_Edita:

Salam. Ƙanena Abban Walid Allah ya gafarta wa mahaifinka. Na daɗe ban yi dogon rubutu ba amma wannan tambayar tawa ce, don na shekara goma sha ɗaya ina editin a wani situdiyo a lungunan titin gidan Zoo, kuma irin abinda kake magana a kai da hannuna na haɗa ba ɗaya ba ba biyu ba.

Bari in fara da ta biyun, na waye. A ƙasashen waje abu biyu ne daban. Kamfanin JVC ya fito da VHS, wato irin kaset ɗin bidiyon nan namu, a 1976, a 1977 wani mutum a Amurka mai suna Andre Blay da kamfaninsa Magnetic Video ya karɓi izinin fina-finai 50 daga Fox ya buga su a kaset yana sayarwa, daga nan sana'ar rarraba fim a kaset ta zama mai zaman kanta, kowane mai rarrabawa kuma yana so a san da shi sai ya sa nasa tambarin a gaba kafin na masu fim ɗin. Shi yasa a kaset ɗin Turawa na asali zaka ga biyu ko uku a jere, Warner Home Video ko CBS/Fox ko Vestron su fara wucewa, sannan dokin nan mai fukafukai na TriStar ko matar Columbia mai riƙe da fitila su biyo baya. Na farkon na ɗan kasuwa ne, na biyun na masu aiki.

Mu a Kano ba haka tsarin ya tafi ba. Tun da 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa suka buɗe hanya da fim ɗin Turmin Danya a 1990 har zuwa ƙarshen zamanin kaset, furodusa shi zai gama fim ɗinsa ya fitar da masta, wato kaset na asali da ake juye sauran daga jikinsa, ya je ya buga kwali, to kwalin nan shi yake sayar wa dillalai a Ƙofar Wambai da Bata, su kuma su sayi kaset wanda ba komai a ciki su jera na'urori a kan kanta tun daga ƙasa har sama suna juyewa dare da rana su zura a kwali. Kaga kenan duk abinda yake kan masta daga hannunmu ya fita, tambarin da ka gani galibi na furodusa ne, shi dillali sunansa yana fitowa ne a wajen talla inda ake cewa ana samunsa a shagon wane lamba kaza, ko a bayan kwali. Sai in shi ya zuba kuɗin fim ɗin ko ya saye shi ɗungurungum, to nan zai zo ya tsaya a kanka yace nasa za a fara sakawa, kuma ya fi na furodusa tsawo, wannan rigimar mun sha raba ta, musamman da faifai ya shigo 'yan kasuwa suka koma su ne masu fim.

Yadda muke jera masta kuwa, kalolin gwaji da ƙarar nan tiiii, sai baƙi kaɗan, sai takardar hukumar tace fina-finai, ta ƙasa da aka kafa a 1993 da ta jihar Kano da ta zo a 2001, sai gargaɗi ga masu satar fasaha, sai tallan finafinai masu fitowa wani lokacin har minti ashirin, sannan tambari, sannan fim.

Batun a ina ake yi, a nan ake yi wallahi, ba inda ake kaiwa. Kafin kwamfuta ta wadata akwai 'yar na'urar rubutu mai madannai da ake haɗawa da miksa, rubutu ya taso daga ƙasa ko ya shigo ta gefe shikenan. Maigidana da ya koya min aiki ya nuna min yadda suka yi wani tun kafin in zo, mai zanen allon shago suka ba ya zana a kwali da fenti, suka kafe shi a bango suka kashe fitila suka haska da tocila, mai kyamara ya riƙa jawo shi a hankali, hannunsa na ɗan rawa amma a talabijin sai ka rantse daga waje aka kawo. Da kwamfuta ta zo sai muka samu Ulead Cool 3D, wata manhaja ce ta wani kamfanin Taiwan, ita ce uwar duk haruffan zinaren nan da na azurfa masu juyawa da wuta na ci a jikinsu, mu haɗa a can mu kawo Adobe Premiere mu ɗora sauti, wasu kuma Pinnacle suke amfani da ita. After Effects sai daga baya. Kuma kar ka ga sakan goma sha biyar ka raina, a kwamfutar lokacin in ka sa inuwa da ƙyalli da yawa sai ka bar ta tana aiki ka tafi sallar isha ka ci abinci ka dawo bata gama ba, in aka ɗauke wuta kafin a tada janareta ta mutu sai dai ka sake daga farko, na taɓa kwana uku a kan na wani Alhaji saboda ya dage sai doki ya fito yana gudu ta cikin harafin farko na sunan 'yarsa, don sunan 'yar ya sa wa kamfanin. Ranar da ya gani ya sa aka maimaita masa ya fi sau goma yana ta share ido, ashe yarinyar ta rasu ne shekara guda kafin nan, ni ban sani ba sai a ranar.

Sauti kuma wajen masu fiyano muke zuwa, Yamaha PSR ɗin nan da ake kiɗan waƙoƙin fim da ita, akwai ƙarar iska da jirgi da tsawa da tafi duk a cikinta, mai kiɗa ya buga maka 'yar busa, a samo mai kakkaurar murya ya faɗi suna a sa masa eko. Amma gaskiya ɗaya ce, ba duka muke bugawa ba, akwai waɗanda muka yanko daga farkon kaset ɗin Amurka da na Cainis muka ɗora namu a kai, a bakinmu muna rubuta gargaɗi ga ɓarayin fasaha sakan kaɗan kafin nan. Lokacin ba mu ɗauke shi komai ba, yanzu kam in na tuna ba na jin daɗi.

To ƙwallon duniyar da ka kwatanta, kar in ɓata maka rai amma ba za ta kai ka ga sunan kamfani ba, don irinta a shirye take zuwa, kowa ɗauka yake ya canza suna, ni kaina na sa ta ga mutum ya fi biyar. Busar kakakin ce ma ta fi zama alama. Ka duba kwalin daga ƙasa ta baya, ko gefen da ake jerawa a kanta, a nan suna yake.

Abu na ƙarshe da nake so kowa ya gane, tambari shi yake fara mutuwa a jikin kaset. Farkon zare shi na'ura take jawowa ta naɗa a kan ganga duk sanda aka saka bayan an mayar da shi baya, nan yake tsufa, nan yake yamutsewa, in bidiyo ta tauna kuma nan ne mai shagon haya zai sa reza ya yanke ya haɗa da salatif ko jan farce. Zaren VHS irin namu na PAL, wato tsarin talabijin ɗin Najeriya, yana tafiyar kusan santimita 2.3 ne a sakan ɗaya, wato in aka yanke kamu ɗaya an tafi da wajen sakan ashirin, ka ga in kaset ɗin ba mai dogon talla a gaba bane aikin kwana uku ya tafi kwandon shara a yanka ɗaya. Nawa da na tara a hadis ɗin kwamfuta (hard disk) guda ya mutu tun shekarun baya, ko ɗaya ban tsira da shi ba, shi yasa kwalin taliyar nan naka ka riƙe shi da kyau.

Na_Maradi:

Salamu alaikum mutanen Najeriya, ina gaida babban yaya Edita, wallahi mun ƙaru. Ni abin da wagga magana ta tuna min shi ne kala. Ku tele ɗinku PAL ne mu nan Nijar SECAM muka gada wajen Faransa, to kaset in ya taho daga Kano ta Katsina da Jibiya ya shigo Dan Issa ya iso muna, in aka saka shi ga manyeto, wato na'urar bidiyo, da tele da ba su san PAL ba sai hoto ya hito baƙi da fari, sauti lahiya lau amma kala babu. Ni na yi shekaru ina ganin haruffan nan da kuke cewa na zinare, a wajena toka-toka ne, sai ranar da mai gidan kallon unguwarmu ya sawo tele mai cin kowane iri, tambari ya hito jawur da ruwan ɗorawa, yara suka ɗau ihu tun ba a fara komi ba.

Gidan kallon nan zana ce aka kewaye da bencina, dala biyar muke biya mu shiga, kuma mu ba mu iya karatun sunan fim ba, allon da yake rubutawa da alli a ƙofa ma ba mu gane shi, tambari shi ne karatunmu. In muka ji gangar nan dum dum dum dum, sanduna huɗu masu ruwan zinare suna hitowa ɗaya bayan ɗaya suna haɗa harafin G, to Golden Harvest ne na Hong Kong, kowa ya gyara zama don yau akwai karate na gaskiya, kamfanin da Raymond Chow ya kafa ne a 1970 kuma su suka yi da Bruce Lee da Jackie Chan. In garkuwa ce mai SB da busar ƙaho to Shaw Brothers ne, masu takobi da gashi har baya da tsoho mai farin gemu. In Cannon ne mun san Chuck Norris ne ko ninja. Akwai kuma wanda ku ƙila bai iso muku ba, baƙar damisa ta René Chateau, shi mai rarraba kaset ne a Faransa kuma shi ya hidda na Bruce Lee da Faransanci, irin su ta Yamai da Kwatano suke zo muna, in damisar nan ta bayyana yaran da ke waje masu leƙe ta hudar zana har faɗa suke.

Abin da ke ba mu haushi, in da gurup, wato janareta, ake kallo ba wutar gari ba, mai gidan yana tsimin mai, sai ya danna ya wuce da talla da tambari duka, mu yi ta roƙo Baba bar shi Baba bar shi, wani lokaci ya bari wani lokaci ya ce wanda ke son ganin damisa ya ƙaro dala. Kuma akwai masu ƙarawa.

Khalifa_Turi:

Slm iyayena da yayyena. Ni yaro ne a kanku, kaset a ƙarshensa na riske shi, amma tunda sana'ata turin fina-finai a waya ce kuma ina taimaka wa wani da tasharsa ta YouTube, bari in faɗi namu ɓangaren don naga kamar laifin yana kanmu, kuma eh akwai namu a ciki ban musa ba.

Wani yankan ba da gangan bane. Faifan VCD in ka buɗe shi a kwamfuta akwai wata jaka MPEGAV, a ciki zaka ga AVSEQ01.DAT da AVSEQ02.DAT haka, to sau da yawa gargaɗi da talla da tambari suna cikin ƙaramin ne, fim ɗin yana cikin babban, mai kwafa kuma babban kawai yake ja ya bar sauran, daga wannan kwafin kowa ya samu nasa har ya hau intanet. Wani kuma da gangan ne, lokacin memori ƙarama ce kwastoma yana so a cusa masa fim goma, kuma in ya buɗe yaga minti biyar ba a fara ba dawowa yake yace ka tura masa talla. A YouTube ma haka, mutum in bai ga fuska a sakan na farko ba ya wuce, sannan ga abinda Baba Edita ya faɗa na sautin da aka yanko daga waje, na'urarsu tana iya kama shi a ɗora wa bidiyon ƙorafin haƙƙin mallaka saboda sakan goma, to mai tasha sai ya zaɓi ya datse ya huta. Ban ce daidai bane, amma dalilin kenan.

Yaya Abban Walid ga yadda zaka yi. Sabuwar na'ura kam babu, kamfanin Funai na Japan shi ya rage yana ƙerawa shima ya daina a 2016, sai dai ta hannu, ka zaga wajen masu gyaran rediyo da talabijin ko masu ɗaukar bidiyon biki na da, akwai masu ajiye da ita. Sai ka sayi ɗan abin nan EasyCap da ake sokawa a USB, yana da jelar waya rawaya da fara da ja, rawaya hoto sauran sauti, ka sauke manhajar ɗaukar bidiyo ta OBS kyauta ce, ka saita PAL 720x576 hoto 25 a sakan. Muhimmin abu ka mayar da kaset baya har farkonsa, ka danna ɗauka a kwamfuta TUKUNA sannan ka kunna kaset, kar ka jira hoto ya daidaita, da yayyafin da layin tirakin da komai ka bari ya shiga, gyara daga baya ne. Kuma ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya da gefe da waya. In faifai ne kar ka canza masa komai, jakar gaba ɗaya zaka kwafe.

Batun masu adanawa, Turawa suna da wani shafi AVID da suke tara tamburan kamfanonin duniya, kowanne su rubuta yadda yake motsi da kiɗansa da shekarun da aka yi amfani da shi da kaset ɗin da aka same shi, har da ƙananan kamfanonin da suka mutu tuntuni. Namu in ba mu muka ɗauko daga ƙarƙashin gado ba ba wanda zai zo ya ɗauko mana. Ka ɗora a shafin ajiya na Internet Archive bayan YouTube, don tasha ana iya rufe ta dare ɗaya. Ni daga yau in na samu tsohon faifai ƙaramin fayil ɗin ma zan riƙa ajiyewa, akwai buhu biyu a shagonmu da maigidana yake cewa zai zubar, gobe in sha Allah zan fara bi ɗaya-ɗaya.

Abban_Walid:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya. Maman Hibba Allah ya jiƙan ƙaninki. Baba Edita labarin Alhajin nan da dokinsa tun jiya yake raina, na karanta wa maiɗakina ita ma shiru tayi.

Na koma Fagge ɗazu bayan la'asar na sake zazzage kwalin. Kaset ɗin da nake magana yana da kwalinsa amma daidai ƙasan bayan inda kace in duba mai shagon haya ya manna takardarsa da lamba 214 da jan maka, na gwada ɗagawa da farce sai naga tana tahowa da fatar kwalin sai na bari, wani yace in kara shi a tururin ruwan zafi kaɗan-kaɗan gam ɗin zai saki, ban dai yi ba tukuna ina tsoro. Na ɗaga murfin gaban kaset ɗin kamar yadda muke yi da, na danna ɗan maɓallin gefe, farkon zaren lafiyarsa ƙalau ba alamar an taɓa yankawa ba salatif, har farin zaren nan mai haske na farko yana nan. Amma guda tara a cikinsu ta tagar nan ina hango wani fari-fari kamar gari a jikin naɗin, shi wannan ɗin ma akwai kaɗan a gefe ɗaya.

Na samu wani dattijo mai gyara a Sabon Gari yace yana da Panasonic guda biyu masu aiki, zai ba ni aron ɗaya ranar Asabar in na kawo shaida, Khalifa na kuma aika a sayo min EasyCap ɗin. Baba Edita kafin Asabar don Allah, farin nan hunhuna ce? In saka shi haka ko akwai yadda ake goge shi, kar in je in ɓata wa bawan Allah na'urarsa in kuma rasa zaren.

Tsohon_Edita:

Hunhuna ce, kar ka saka shi haka, zata toshe kan bidiyon a minti ɗaya kuma ta shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Ka ware taran nan a leda daban tun yau, ka fara da masu tsabta. Shi naka mai kaɗan ɗin kar ka taɓa shi da ruwa kar ka shanya a rana, ka roƙi dattijon ya buɗe murfin ɗaya na'urar, a riƙa tura zaren gaba da baya ba tare da an kunna hoto ba ana tare shi a hankali da tsumma mai laushi marar gashi, a waje za ku yi ba a ɗaki ba kuma ku rufe hanci, in an gama a wanke hanyar zaren da sifirit kafin a sa wani. Takardar mai haya kuma ka bar ta yadda take, ita ma ta zama tarihi, sunan ai zai fito a allo. Asabar ɗin ƙarfe nawa? Ina Kano, in ba damuwa zan zo in tsaya a kai, ina so in ji busar kakakin nan da kunnena don akwai mai fiyanon da nake zargin hannunsa ne.